Akwai Magani A Furen Nan, Amma Ba A Tukunya Ake Fitar Da Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ka kuma yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya. Shekara 35 na yi a bakin aiki, fiye da rabinsu a ɗakin kwantar da yara. Ban saba rubuta wa jarida ba, abin da ya faru a tsakar gidana makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Bayan la'asar maƙwabciyata ta yi sallama ta shigo da leda a hannu. Yarinya ce mai hankali, 'ya'yanta duk a gabana suka tashi. Da muka gaisa sai ta ce, "Mama, don Allah ganyen fulawarki nake so in ɗan tsinka." Na zaci iri take so ta shuka, har na miƙe zan ciro mata ƙananan da suka tsiro a gindin rijiya. Ta ce a'a, ganyen take so, za ta dafa wa maigidanta ne, sugansa ya hau. Sai ta ciro waya ta kunna mini wani saƙon murya da aka turo zauren WhatsApp na matan Islamiyyarsu. Muryar namiji ce mai natsuwa. Ya fara da salati, sannan ya ce a samu ganyen wannan fure a tafasa, a sha kofi ɗaya safe da yamma, yana maganin suga da hawan jini da ciwon daji kowane iri. Ya ƙara da cewa Turawa ma daga jikinsa suke yin maganin ciwon daji su sayar mana da tsada, alhali ga shi nan a ƙofar ɗakinmu kyauta.

Edita, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rabin maganar mutumin gaskiya ce. Da ƙarya ce zalla, da ƙaryata ta bai yi wuya ba. Gaskiyar da ke ciki ita ce za ta sa mutane su amince, ragowar kuma ita ce za ta kwantar da su.

Wanda bai gane furen da nake nufi ba, na tabbata ya san shi da ido. Shi ne wanda ake shukawa a tsohon bokiti ko gwangwanin fenti a ƙofar ɗaki, ana ganinsa a harabar makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata. Ganyensa kore shar ne mai sheƙi kamar an shafa masa mai, da farin layi a tsakiya, biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna. Furen kunne biyar gare shi, wani ruwan hoda, wani fari fat da ɗigon ja a tsakiya. Ba ya mutuwa da ɗaukewar damina kamar rama da yakuwa. In dai yana samun ko ruwan alwala ne, zai yi shekaru yana fure. 'Ya'yansa na fitowa a cikin wasu siraran kwanso guda biyu masu kama da ƙahon ɗan akuya, in sun bushe su fashe, baƙaƙen iri su zube su tsira da kansu. A gidanmu fulawa kawai muke ce masa. Masana tsirrai na kiransa Catharanthus roseus, asalinsa kuma tsibirin Madagaska ne, daga can aka yaɗa shi ƙasashe masu zafi. Nawa tun shekarar da muka tare a gidan nan na shuka su, kuma na lura da abu ɗaya. Awakin unguwa sun cinye mini zogale, sun cinye gwanda tun tana ƙarama, amma ko sau ɗaya ba su taɓa wannan ba. Sai su sansana su wuce.

Ni kuwa na san tsiron nan ta wata fuskar da mai saƙon bai sani ba. Na san shi a cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, ruwa garau kamar na sha. A jikinta an rubuta vincristine, mu binkiristin muke cewa. Miligiram 1 ne a ciki. A firji take zama, a cikin kwalinta saboda ba ta son haske, in aka ɗauke wuta da dare hankalin mai aikin kwana ba ya kwanciya sai ta ji ƙarar janareta. Kafin a zuƙe ta a sirinji sai an auna nauyin yaro da tsawonsa, likita ya yi lissafi, mu biyu mu sake dubawa, mu karanta wa juna lambar da ƙarfi. Sai mun sa safar hannu. Ko babban mutum ne ba a cika wuce miligiram 2 a allura ɗaya ba. Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da ita. In ta kuskure jijiya ta zuba a cikin nama, wurin zai ƙone ya zama gyambo mai wuyar warkewa. In kuwa aka yi kuskure aka sa ta a ruwan ƙashin baya, inda ake sa wa yaran nan wani maganin na daban, to kusan babu mai tsira. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka turo mana, wannan muke fara koya mata tun kafin mu nuna mata inda makullin kabad yake.

Yadda aka gano maganin ma ya isa ya sa mai tura saƙo ya dakata, domin da ciwon suga labarin ya faro. Mutanen Jamaika sun daɗe suna shan ganyen nan kamar shayi saboda suga, daidai da abin da ake gaya wa maƙwabciyata yanzu. A shekarar 1952 wani likita a can ya aika da ganyen Kanada a cikin ambulan, ya isa hannun Dakta Robert Noble na Jami'ar Western Ontario. Aka gwada a kan dabbobi, suga bai sauka yadda ake faɗa ba. Da aka yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, sai suka riƙa mutuwa. Aka bincika, aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu, wato sojojin da ke kare jiki daga cuta, sun ƙare, ɓargon da ke samar da su ya daina aiki, har ƙwayar cutar da ba ta isa ta kayar da lafiyayyen ɓera ba ta gama da su. Da wani ne, da ya zubar da ganyen ya ce guba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Shi sai ya tuna akwai cutar da illarta ita ce fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, wato dajin jini. Wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Charles Beer, ya zo ya haɗu da shi, suka yi shekaru suna tace ganye, sai a 1958 suka ware sinadarin da ke wannan aiki, wanda yanzu ake kira binbilastin. A daidai wannan lokaci, a kamfanin Eli Lilly na Amurka, Gordon Svoboda da abokan aikinsa suna kan tsiron su ma, kuma su ma labarin suga ne ya jawo su, daga ƙasar Filifin. Su suka fitar da binkiristin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1963. Daga ambulan ɗin ganye zuwa kwalbar da na bayyana, shekara 11 ke nan, da ɓeraye da lissafi da gwaji a kan marasa lafiyar da aka sa wa ido dare da rana.

Amfanin da aka samu ba ƙarami ba ne. A farkon shekarun 1960, yaron da dajin jini ya kama, cikin goma da wuya ɗaya ya rayu. Yau a ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma na masu irin da ya fi kama yara suna warkewa, kuma binkiristin na cikin haɗin da ake yi musu har gobe. Binbilastin na cikin haɗin da ake yi wa dajin kaluluwa mai suna Hodgkin. Duka biyun suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Har nan mai saƙo yana kan gaskiya.

To bari mu yi lissafin da bai yi ba. Kafin a samu giram 1 na binbilastin sai an tace kusan kilo 500 na busasshen ganye. Binkiristin ta fi haka ƙaranci, sai an tace wajen kilo 2,000. Ke nan 'yar kwalbar nan tawa mai miligiram 1, kusan kilo 2 na busasshen ganye aka matse kafin a same ta, kuma duk macen da ta taɓa shanya zogale ko kuka ta san yawan ganyen da zai yi kilo 2 bayan ya bushe. Ɗan abin da mace za ta tsinko a leda ta jefa a tukunya bai ƙunshi komai na a zo a gani daga wannan sinadari ba. Ko da ya ƙunsa ma, hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata, shi ya sa ba a taɓa ba mu binkiristin a ƙwayar haɗiya ba. Abin da mai shan jiƙon zai samu shi ne sauran tarkacen da masana suka sha wahala suka ware suka ajiye gefe, domin an ƙirga sinadarai masu ƙarfi fiye da 130 a jikin tsiron. Babu wanda ya san adadin da ya shiga kofinsa yau, ko na gobe zai yi daidai da na yau. Ganyen rani ba ɗaya yake da na damina ba, tsoho ba ɗaya yake da toho ba.

Shi maganin ma da aka tace, guba ne da aka koyi yadda za a riƙe shi. Duk ƙwayar halittar jiki in za ta rabu biyu, sai ta shimfiɗa wasu siraran zaruruwa a cikinta, kamar yadda masaƙi ke jan zare kafin ya fara saƙa. Su ne ke jan kayan gadonta su raba, rabi nan rabi can. Binkiristin na hana zaren nan haɗuwa, sai ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu. Ƙwayoyin daji sun fi kowa saurin rabuwa, don haka su abin ya fi shafa. Sai dai ba su kaɗai ba ne. Gashi na zubewa. Binbilastin ta fi taɓa ɓargo, binkiristin ta fi taɓa jijiyoyin ji da motsi, domin su ma da irin zaren nan suke aiki. Na sha ganin yaro yana tafiya silifas na zame masa bai sani ba, tafin ƙafar ya saki. Wani ya yi ta kuka da muƙamuƙi, wani bayan gida ya ƙi fita kwana da kwanaki. Da mun ga haka sai mu sanar, a rage awo ko a ɗaga allura. Wanda ke sha a gida, wa zai duba masa ƙafa, wa zai ɗebi jininsa ya ƙirga?

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Tsiron nan ɗan dangin tumfafiya ne da kariya da kwankwani, duk gida ɗaya masana suka sa su. Maharban da, da kwankwani suke dafa dafin kibiya. Daga irin wannan kwankwanin kuma likitocin Turai suka daɗe suna fitar da maganin ciwon zuciya. Babu maharbin da zai ce tunda akwai maganin zuciya a ciki, a dama wa mai ciwon zuciya ya sha.

Kan batun suga, ba zan ɓoye abin da na sani ba. An yi gwaje-gwaje a kan dabbobi da suka nuna ganyen na iya ɗan sauke suga, ana kuma ci gaba da bincike. Amma har yau babu wani maganin suga da aka fitar daga gare shi aka amince da shi don mutane, bayan shekara sama da 70 ana dubawa. Mai ciwon suga kuwa ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa dama a kan siraɗi suke. A ɗora masa abin da aka san yana taɓa jijiya, sannan ya ajiye ƙwayoyinsa ko allurar insulin saboda ya samu na kyauta, nan ne ake samun wanda za a kawo asibiti ranga-ranga da tsakar dare. Mace mai ciki kuwa ko kusa, domin ɗan da ke cikinta ba abin da jikinsa ke yi sai rabuwar ƙwayoyin halitta.

Amma, Edita, ba suga ne ya hana ni barci a daren nan ba. Kalmar daji ce, domin ta tuna mini da wani yaro.

Shekararsa shida, daga wani ƙauye aka kawo shi ƙarshen bazara. Gefen fuskarsa na dama ya kumbura har ya ture ido, haƙoransa na girgiɗi, bakin ba ya rufuwa, uwar na tare masa yawu da gefen mayafi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce wata biyu. Da farko sun ɗauka hangum ne, suka jira ya wuce. Sai aka ce ciwon haƙori ne, aka cire haƙori ɗaya. Daga nan aka kai shi wajen wanzami ya yi masa sakiya, ba ruwan da ya fito sai jini. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka shafa abin shafawa, kumburi na ƙaruwa. Sai da numfashi ya fara yi masa wuya suka hau mota.

Cutar ita ce wadda likitoci ke kira Burkitt, da sunan Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan da ya bayyana ta a Kampala ta Yuganda a 1958, shekarar da aka ware binbilastin a Kanada. Ya lura tana bin yankunan Afirka masu zafi da ruwa, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, daga baya kuma aka gano wata ƙwayar cuta da ke da hannu a ciki. Mu muna tsakiyar wannan yanki. Cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa magani na narkar da ita akwai Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan. Babu dajin da ya kai ta saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙarin kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan saurin nata kuma shi ne lagonta, domin magani irin binkiristin masu saurin rabuwa yake kamawa.

Aka fara masa haɗin magunguna, binkiristin na ciki. Wallahi duk wanda bai gani da idonsa ba zai ce ƙari nake yi. Kafin mako ya zagayo kumburin ya fara saɓewa kamar ƙanƙara a rana. Ran kwana na goma na shigo aikin safe na tarar da shi zaune a bakin gado, idanunsa biyu a buɗe, yana cewa uwarsa shi ƙosai zai ci. Uwar ta kama hannuna ta kasa magana. Ni na aika aka sayo ƙosan a bakin ƙofa.

Uban ya sayar da tumaki biyu kafin a kai nan. Bayan zagaye na biyu na maganin sai ruwan shuka ya sauka. Ya same ni a baranda, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Sista, Allah ya saka da alheri, ai yaro ya warke. Ga damina ta faɗi, in ban je na yi shuka ba me za mu ci, da me zan sayi na gaba?" Na ce, "Malam, don girman Allah ka bar mana shi da uwarsa. Abin da ido ke gani ne ya tafi, saiwar tana nan." Likita ya yi masa bayani, na sake yi masa da Hausar da zai gane. Ya ce zai dawo da shi bayan noman farko. Sai bayan kaka suka dawo. Wannan karon a ciki abin ya fito, ƙafafun sun daina motsi, maganin da ya yi aiki da farko bai ƙara yin irin wancan aikin ba. Ya cika wata ranar Alhamis da asuba, ina riƙe da ledar ƙarin ruwan da ba a kai ga sa masa ba.

Ban taɓa ganin laifin uban nan ba, har yau. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da nake tunani shi ne, a lokacin babu WhatsApp, kuma duk da haka wata biyu suka salwanta kafin a zo, wata huɗu a tsakiyar magani. Yau in uba irinsa ya ji murya mai natsuwa tana cewa ga maganin nan na asibiti a ƙofar ɗakinka kyauta, wace hujja za ta sa ya sayar da tunkiya? Zai dafa, ya jira mako biyu ya ga ko za a dace. Mako biyu a wannan cuta ba ƙaramin lokaci ba ne.

Ba duka labaran ne irin wannan ba, alhamdu lillahi. Akwai wata yarinya da aka cire wa ƙoda ɗaya saboda daji, ita ma ta sha allurar binkiristin wata da watanni, kakarta ce ta tsaya kai da fata har aka kammala. Shekaru bayan haka wata mata mai goyo ta riƙo mini mayafi a kasuwa ta ce, "Sista, ba ki gane ni ba?" Ita ce. Bambancinta da yaron can bai wuce an kawo ta da wuri ba, an kuma kai ƙarshen magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da daji ya kama suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai wannan adadi aƙalla kashi 60 a duniya kafin 2030. Magungunan da ake buƙata, irin su binkiristin, tsofaffi ne, ba su cikin masu tsadar fitar hankali. Abin da ke karya iyaye shi ne tarin ƙananan kuɗi: gwajin jini, ledar jini, kuɗin mota, abincin mai jinya, ga gona an bari. Ina roƙon gwamnonin jihohinmu su ɗauke wa iyaye nauyin maganin dajin yara gaba ɗaya, har da kuɗin motar dawowa. Masu fitar da zakka su ma su tuna da ɗakunan nan. Na ga yaran da kuɗin mota kaɗai ya raba su da zagaye na uku.

Kada masu maganin gargajiya su ɗauka da su nake. Kakata unguwarzoma ce, ta san saiwoyi da sassaƙe, a hannunta na fara sha'awar jinya. Tsofaffin Jamaika da Filifin ba su dace ba a kan suga, amma sun dace da suka ce ganyen nan ba banza ba ne, kuma ba don su ba da babu masanin da zai waiwaye shi. Abin takaici, kamfanoni sun samu dukiya mai yawa daga maganin, Madagaska da tsiron ya fito daga cikinta da mutanen da suka nuna hanya ba su samu wani abin kirki ba. Irin wannan na cikin abin da ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan a 2010, don a riƙa raba amfani da masu tsiro da masu sani. A gida ma muna da misalin yadda ya kamata a yi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na cutar sikila, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce, ta auna, ta gwada, ta fitar da Niprisan. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya akwai sashe guda a tsangayar harhaɗa magunguna wanda aikinsa ke nan, nazarin magungunan da ke cikin tsirrai. Duk mai maganin da ya yi imani da abin da ya gada, ƙofar da zai ƙwanƙwasa ke nan. Gwamnati kuma ta ba su kuɗin aiki, domin na tabbata a cikin dazuzzukanmu akwai tsirran da ba a kai ga buɗe sirrinsu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, a wata ruwaya aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Sanin nan nemansa ake yi.

Shi kansa furen ba a gama da shi ba. A Faransa an sarrafa sinadaransa aka samu wani maganin da ake yi wa dajin huhu da na mama. A 2019 binkiristin ta yi ƙaranci a Amurka kanta, da ɗaya daga cikin kamfanoni biyun da ke samar da ita ya daina, har likitocin yara suka shiga damuwa. A 2022 masana a Denmak suka ba da rahoton cewa sun koya wa yis, irin dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi, ya riƙa ƙera sinadaran da ake haɗa binbilastin da su, don a rage dogaro da tarin ganye. Tsiron da ƙasarmu ta karɓa har yana tsira a gindin rijiya ba a shuka shi ba, ya kamata a ce ɗalibanmu na cikin masu wannan aiki.

Kai ma, Edita, akwai naka. Jaridu da gidajen rediyo na karɓar tallan masu cewa suna warkar da daji da suga da ƙoda da kwalba ɗaya. Ku daina karɓa, ko nawa za a biya. Ku kuma wayar wa mutane da kai cewa lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, wadda ake gani a jikin magungunan gargajiya, ba shaidar cewa maganin na warkarwa ba ce, hukumar ta duba ne ko yana cutarwa. Ranar 15 ga Fabrairu ita ce ranar dajin yara ta duniya. Ku ware shafi a ranar ku gaya wa iyaye, da Hausa, cewa kumburin muƙamuƙi ko ciki da ke ƙaruwa cikin kwanaki, ko farin abu da ke ƙyalli a ƙwayar idon jariri kamar idon kyanwa da dare, ko zazzaɓi da ɗashewa da suka ƙi jin maganin maleriya, duk na asibiti ne a makon da aka gan su.

Maƙwabciyata kuwa ban bar ta ta tafi haka nan ba. Na zaunar da ita a tabarma na tambaye ta ina ƙwayoyin maigidan. Ta sunkuyar da kai ta ce sun ƙare mako uku ke nan, abubuwa sun yi tsada, shi kuma ya gaji da haɗiya. Bayan magariba na ɗauki na'urar gwajin suga na shiga gidan, na gwada shi a zaure, lambar da ta fito ta sa ya yarda ba gardama. Washegari ɗansu ya kai shi asibiti a babur, an mayar da shi kan magani, ran Talata zai koma. Ta tafi da tsiro uku a gwangwanin madara, ta ce za ta jera su a ƙofar ɗaki. Ta kuma sa na yi magana a wayarta ta tura zauren nasu, amma matan da ke ciki ba su wuce sittin ba, saƙon mutumin kuwa Allah kaɗai ya san wayoyi nawa ya shiga.

In za ka buga wasiƙar nan, don Allah ka sa hoton furen mai kala a gefenta, na ruwan hodan da farin duka, saboda wanda bai iya karatu ba ya gani ya tambayi na kusa da shi abin da aka ce.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.